Daga fiton Salaga zuwa kwastan ɗin Paga

Ranar 14 ga Nuwamba 1899, a birnin Landan, Ingila da Jamus suka sa hannu a wata takarda da ta kashe gardamar da ke tsakaninsu kan tsibiran Samowa, can tsakiyar tekun Fasifik. Jamus ta ɗauki yammacin Samowa, aka sakar wa Ingila Tonga da wasu daga cikin tsibiran Solomon. Sai dai cinikin bai faɗa ba sai da aka ɗora gyara a kan mudu, gyaran kuwa shi ne ƙasar Gwanja da ta Dagomba, a arewacin Ghana ta yau. Tun 1888 Turawan biyu suka shata wannan yanki suka ce ba na kowa ba ne a cikinsu. A takardar Samowa aka tsaga shi: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa hannun Jamus. Ba a tambayi Ya Na sarkin Dagomba ba, ba a tambayi sarkin Kpembe mai iko da Salaga ba, balle madugun da ke tafe da ayari daga Kano.

Kafin wannan rana kasuwar Salaga tana da nata tsarin, ko da yake ba a rubuce yake ba. Fatake su taso daga Kano ko Sakkwato ko Jega da kanwa da tufafi da jan fata da dabbobi, su yi watanni a hanya, su ɗauko goron da Tonawa ke kawowa daga kurmi. Kowace ƙasa aka ratsa sai madugu ya zauna da sarkinta an daidaita kuɗin fito. In an iso, fatoma ya saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa wajen bashi, dillali kuma ya ci la'adarsa. Akwai zalunci a ciki, don Salaga babbar kasuwar bayi ce, amma wanda ya yanka fiton yana nan kusa, ana iya zuwa ƙofarsa a yi ciniki, in ya tsananta ayari ya sake hanya ya bar shi da hamma.

Takarda ta fara shigowa ne ta hannun George Ekem Ferguson, Bafante ɗan Anomabu, ma'aikacin gwamnatin Ingila, wanda ya zaga arewa a 1892 da 1894 yana ƙulla yarjejeniyar “abota da ciniki” da sarakuna har Wagadugu. Abin da ke cikinta kaɗan ne: a bar talakawan Ingila su shiga su fita da hajarsu, kada kuma a ƙulla wani alkawari da wata ƙasar Turai. Salaga kanta a lokacin ta riga ta durƙushe. Ingila ta ci Kumasi a 1874, hanyar goro ta karkata, yaƙin basasar 1892 ya watsa mutanen gari zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano. Da Turawa suka zauna daram sai su ma suka kafa nasu fiton a kan ayari na wasu shekaru, kafin goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Daga nan fuskar ciniki ta juya teku, arewa ta koma wurin da ake ɗebo lebura.

Bayan Ghana ta samu 'yanci a 1957, shugabanta Kwame Nkrumah ya so ya juya akalar. Dabararsa ita ce a toshe ƙofa da haraji da lasisin shigo da kaya, a gina masana'antu a gida. Yankin Bolgatanga ya samu rabonsa: kamfanin nama a Zuarungu, kamfanin tumatirin gwangwani a Pwalugu, sannan daga baya madatsun ruwa na Vea da Tono don noman rani. Kada a yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Kamfanonin gwamnati sun sha fama da rashin kayan gyara da rashin iya riƙo, lasisin shigo da kaya kuma ya zama abin rabo tsakanin 'yan lele, har aka kai zamanin da mutanen Ghana ke kira kalabule, sabulu ma sai da hanya. Amma manomin Tono ya san inda zai kai tumatirinsa.

A watan Afrilun 1983, ga fari ga gobarar daji ga kusan mutum miliyan ɗaya da Najeriya ta koro, gwamnatin Rawlings ta rungumi shirin farfaɗo da tattalin arziki na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Aka karya darajar sidi, aka soke lasisin shigo da kaya, aka janye tallafin taki, aka zaftare haraji, aka sa kamfanonin gwamnati a kasuwa. Injinan Pwalugu suka yi shiru wajen ƙarshen shekarun 1980. Tumatirin gwangwani na Italiya, wanda Tarayyar Turai ke tallafa wa masu yinsa, ya cika kasuwa, daga baya na Sin ya biyo sahu. Ko da Ghana ta zama mamba a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ranar 1 ga Janairu 1995, ƙofarta ta riga ta daɗe a buɗe.

Abin da ya faru a 2003 ya isa a tsaya a kansa, don shi ya nuna inda ikon yake. A kasafin kuɗin shekarar, zamanin Shugaba Kufuor, majalisar dokoki ta ɗaga harajin kajin waje daga kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari, na shinkafa daga 20 zuwa 25. Doka ce cikakkiya, mai lamba 641. Ba ta saɓa wa alkawarin da Ghana ta ɗauka a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ba, domin a can ta yi wa kanta iyaka har kashi 99 a kan kayan gona. Duk da haka ba a yi wata uku ba aka umarci kwastan su daina karɓar ƙarin, bayan tattaunawa da Asusun Lamuni. Masu kiwon kaji suka kai ƙara, babbar kotu a Accra ta ba su gaskiya a watan Maris na 2005. Kwanaki kaɗan bayan hukuncin majalisa ta zauna ta soke dokar da hannunta. Manomin shinkafa na Fumbisi da kwarin Nasia bai san an yi ba, sai dai ya ga buhun Tailan da na Amurka ya fi nasa farin jini a kasuwar garinsu.

Sai maganar Turai. Tun yarjejeniyar Lome ta 1975, ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik ke kai kayansu kasuwar Turai ba haraji, ba tare da an ce su ma su buɗe tasu ba. Abin da ya rusa wannan gata ayaba ce. Amurka da wasu ƙasashen Latin Amurka suka kai ƙarar Turai cewa tana fifita ayabar tsofaffin ƙasashen da ta mallaka, a 1997 kuma Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ba su gaskiya. Ƙananan tsibirai irin su Dominika da Sen Lusiya, waɗanda ayaba ce abincinsu, su suka fara ji a jika. Yarjejeniyar Kwatano ta shekarar 2000 ta ce daga yanzu sai ba-ni-in-ba-ka, aka kuma sa ƙarshen 2007 ya zama wa'adi.

Nan Ghana ta shiga gaba kura baya siyaki. Burkina Faso da Nijar suna cikin jerin ƙasashe mafiya talauci, don haka kayansu na shiga Turai kyauta ko ba su sa hannu a komai ba. Najeriya man fetur take sayarwa, ta ce ba ta yi. Ghana kuwa ba ta cikin wancan jerin, ga ayaba da abarba da kifin gwangwani da sarrafaffen koko da za a ɗora wa haraji in ta ƙi. A watan Disamban 2007 ta sa alamar amincewa a yarjejeniyar wucin gadi, sannan ta yi ta jan ƙafa shekara takwas da 'yan watanni, ƙungiyoyin manoma da na ƙwadago da majami'u suna ta kashedi. Da Turai ta sake gindaya wa'adin 1 ga Oktoba 2016, sai aka sa hannu ranar 28 ga Yuli, majalisa ta amince a watan Agusta, yarjejeniyar ta fara aiki ranar 15 ga Disamba. Ghana ta yi alkawarin janye haraji a hankali a kan wajen kashi 78 cikin ɗari na kayan da take saye daga Turai, zuwa 2029. A yi adalci: masu tattaunawar sun cire kaji da tumatir da albasa da sukari daga cikin jerin. Amma a dubi kayan da aka sa hannun don a cece su. Babu ko ɗaya da ke fitowa daga arewacin Ghana.

Sa hannu abu ne na yini ɗaya, ɗinkin dokokin gida shi ne aikin shekaru. An sake dokar kwastan a 2015. A watan Fabrairun 2016 Ghana ta fara aiki da harajin bai-ɗaya na ECOWAS mai hawa biyar: sifiri, 5, 10, 20 da 35. Daga Oktoban 2015 zuwa ƙarshen 2017 Turai ta hana shigar barkono da gauta da wasu kayan lambu na Ghana saboda ƙwari, sai da aka gyara yadda ake duba kaya a filin jirgi da gonaki kafin a ɗage. A 2020 aka zartar da dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro irin shuka, wadda aka yanka daidai da ƙa'idar ƙungiyar UPOV ta 1991, bayan shekaru bakwai ana ja-in-ja da ƙungiyoyin ƙananan manoma masu tsoron ranar da ajiye iri da musayarsa za su zama abin tuhuma. A cikin duk wannan, dokar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta 2016 da ta kafa hukumar da za ta binciki masu jibge kaya da araha don kashe na gida. Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta halatta wa mambobinta wannan garkuwa tun ranar farko. Ghana ta shekara ashirin da ɗaya kafin ta ƙera tata. Ga Pwalugu dai ihu ne bayan hari: an sake buɗe kamfanin wajen 2007 da sunan Northern Star, ya ɗan yi tari ya sake kwantawa.

Wanda ke son ganin sakamakon ya shiga kasuwar Bolga, wato Bolgatanga, wadda ke ci duk bayan kwana uku. A teburin mai kayan miya ga 'yan ƙullin tumatirin leda jere kamar carbi, ja wur, mai arha, ba ya ruɓa. A titin da ya nufi Paga kuwa, lokacin rani, ga manyan motoci shaƙe da akwatunan katako, matan kasuwar Accra da Kumasi sun wuce gonakin Tono da Vea sun tsallaka Burkina sayen ɗanye, don sun ce na can ya fi jure tafiya. A gefe guda ga masu saƙar kwandon Bolga, wanda ake rububinsa a Turai da Amurka, su kam buɗaɗɗiyar kasuwa ta yi musu rana. Ba kowa ne ya yi asara ba.

Inda ɗinkin dokokin ya fi yin baƙin jini shi ne wajen maƙwabta. An kafa ECOWAS a Ikko a 1975, shekara shida bayan gwamnatin Busia ta kori baƙi a 1969, korar da har yau tsofaffin zango ke ba da labarinta. A 1979 aka amince da 'yancin zirga-zirga da kuma cire haraji a kan amfanin gona da dabbobi da aikin hannu. A takarda, albasar Galmi ta Nijar da ke shigowa ta Kulungugu da Bawku, ko shanun da ke gangarowa ta Paga, ba sa bukatar ko takardar shaidar asali. Direban da ya ƙirga shingayen da ke tsakanin iyaka da Kumasi shi zai faɗi ko haka abin yake. Sannan dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa kasa kaya a kasuwa da talla, ta ce baƙon da zai yi saye da sayarwa sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya, ba ta kuma ware ɗan ECOWAS ba. Da ita aka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Accra a 2019 da 2020. Najeriya ta yi ta ƙorafi, alhali a daidai lokacin ita ma ta rufe iyakokinta na ƙasa tun Agustan 2019 har Disamban 2020. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ghana ce, tare da Kenya, ta fara miƙa takardar amincewa da yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka da aka sa wa hannu a Kigali a watan Maris na 2018, hedikwatar kuma tana Accra. A karon farko tun zamanin Ferguson, ga takardar da in ta yi aiki za ta mai da Bolgatanga da Bawku bakin ƙofa maimakon ƙuryar ɗaki. Sai dai ƙofar da kanta ta sake fasali. Ranar 29 ga Janairu 2025 Burkina Faso da Mali da Nijar suka kammala ficewa daga ECOWAS. A ranar ƙungiyar ta fitar da sanarwa tana roƙon mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da kayan ƙasashen uku kamar da, har sai an sake shawara. Motar tumatir da ta albasa da suka ratso Paga da Kulungugu washegari, a kan wannan sanarwar suka wuce.