Gigin Tsufa, daga Kontagora zuwa Ibadan

Tun zamanin da Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora, idan gigin tsufa ya kama dattijo har ya manta sunayen jikokinsa, a gida ake jinyarsa, domin malamai sun karantar cewa birrul walidaini farilla ne, sai 'ya'ya mata da surukai su ɗauki ɗawainiyar, wadda a ganina ba a taɓa yaba mata gwargwadon haƙƙinta ba. A 1906 Likita Alzheimer na Jamus ya nuna illar a cikin ƙwaƙwalwa take, a 1992 kuma Farfesa Osuntokun na Ibadan da Hendrie na Amurka suka soma wani bincike a kanta a ƙasarmu da Amurka, aka tarar ta fi yawa ga baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis a Amurka bisa ga Yarabawa.