CRISPR-Cas9

CRISPR-Cas9, suna, namiji. Kayan aiki ne da masana ke yanka zaren DNA da shi a daidai gurbin da suka nufa, don su cire ƙwayar gado, su sauya ta, ko su dasa wata. Ɗan guntun RNA ne ke yin jagora, furotin Cas9 kuma shi ne almakashin.

Asalinsa garkuwar bakteriya ce. A 2007 masu bincike na kamfanin Danisco suka nuna cewa Streptococcus thermophilus, wadda ke daskarar da madara ta zama yogot, tana adana guntayen ƙwayoyin bairos ɗin da suka taɓa kai mata hari, ta gane su idan sun dawo. Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka mayar da tsarin kayan aiki a 2012, suka sami kyautar Nobel a 2020.

Yawancin bakteriya ba su iya ɗinke zaren da aka yanke gida biyu, don haka idan aka yi amfani da shi a kansu, waɗanda gyaran bai kama ba sai su mutu, gyararrun su tsira, abin da ke sauƙaƙa tacewa ƙwarai. Sai dai Cas9 kan yi wa Corynebacterium glutamicum illa, wadda masana'antu ke samar da sinadarin farin magi da ita. A wurinta, wani furotin mai yanka, Cas12a, ya fi dacewa.