Daga Gayya Zuwa Akwati Mai Kwaɗo Uku

 Kowace shekara da an ga watan azumi sai ƙungiyoyin taimako su tsiro a unguwanninmu kamar ciyawar farkon damina. Wasu na dama kunun buɗa baki, wasu na tara wa marayu kayan salla, wasu na kai ziyara gidan likita da gidan kaso. Amma kafin sallar layya ta zo, da yawa daga cikinsu sun watse, ba abin da ya rage sai suna da hatimi. Shugabanninsu kan tambaye mu yadda za su ƙara mutane, da yadda za su sa masu hali su buɗe hannu. Amsar tana cikin tarihin ƙasar nan, kuma shi za mu bi a yau.

Tun kafin zuwan Nasara, garuruwanmu na Katsina da Gobir da Adar da Damagaram sun san gayya. Idan ciyawa ta rinjayi gonar mutum, ko rashin lafiya ta kwantar da shi, sai a sa rana. Samari su fito da hauyoyinsu, makaɗan noma na bin su da kirari, mata na kai fura bakin gona, kafin la'asar an gama. Haka ake ɗaga jinka, haka ake yashe rijiya da share maƙabarta. Masu tsara wannan aiki su ne samariya, ƙarƙashin sarkin samari da muƙarrabansa. Ba su da takardar rajista, ba su kuma roƙon kowa ya shiga. Yaro ya tashi ya ga yayyensa sun nome gonar tsohuwa a yini guda, ya ji ana yabon su a dandali, sai ya ƙosa ya girma ya bi sahu. Aikin da ido ya gani shi ne ke kiran mutane.

A shekarun neman ƴancin kai, jam'iyyun siyasa suka gane ƙarfin samariya, kowace ta nemi jawo su gefenta. Bayan 1960 sai armashinsu ya ragu. Sannan aka shiga babban farin da ya kai har 1974, dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe. Zargin karkatar da abincin agaji yana cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. Mu lura da wannan: amanar abincin mayunwata ta isa ta girgiza gwamnati, balle ƙaramar ƙungiyar unguwa.

Gwamnatin Kunce ta farfaɗo da samariya, ta shimfiɗa su a kowane ƙauye da kowace unguwa. Dattawanmu da suka yi wannan zamani za su ba da shaida: an buga tubali an gina azuzuwan lakwal, an dasa itatuwa, an share tituna da kasuwanni, an yi gonakin haɗin gwiwa. A 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram, daga baya yana zagaya manyan biranen jihohi. Da aka zo tsara abin da aka kira al'ummar ci gaba, samariya da ƙungiyoyin manoma su ne ginshiƙanta biyu. Samariya ta tara jama'a masu yawa a wancan lokaci.

To me ya kashe ta? Igiyarta ta koma hannun hukuma. Aikin da ake yi da don kunyar idon maƙwabci da neman lada ya fara zama umarnin da ke saukowa daga sama, ga taren manyan baƙi da tsayuwa cikin rana ana tafi. Kunce ya rasu a 1987, aka kafa jam'iyya ɗaya a 1989, sannan Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Da hukumar da ke riƙe da samariya ta saki, sai aka tarar ba ta da asusun kanta, ba ta kuma saba yanke wa kanta shawara ba. Samari suka koma fadoji suna dafa shayi, ko da yake har yau akwai fadojin da ke yashe magudanan ruwa da gyaran maƙabarta.

A wannan shekara ta 1991, a ƙauyukan jihar Maradi, aka fara wani abu ƙarami. Ƙungiyar CARE ta ɗauki adashin da matanmu suka gada ta gyara masa tsari, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Mata ashirin zuwa talatin sukan haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yi yarjejeniya a kansa, komai ƙanƙantarsa. Kuɗin na shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku daban, ba a buɗe shi sai a gaban kowa, kuma ana ƙidaya da babbar murya. Ana ware wani kaso don wadda rasuwa ko ciwo ko gobara ta auka wa. Batun ƙarin da ake ɗorawa a kan rance yana da hukuncinsa, a tambayi malamai a kansa. Tsarin amanar muke son a duba. Kafin a cika shekara 15, matan da ke cikin wannan tsari a Nijar sun haura 100,000, kuma ƙasashen Afirka da dama sun kwaikwaye shi. Maƙwabciya ta ga an raba kuɗi a ƙarshen zango ba a rasa ko dala ba, sai ta nemi a sa ta. Gani ya kori ji.

Wannan hali yana da asali a addininmu. Ya inganta cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'arawa, mutanen Abu Musa, saboda idan abinci ya ƙaranta musu sukan tara abin da kowa ke da shi a mayafi guda, su raba daidai da ma'auni guda. A fili suke tarawa, a fili suke rabawa. Ya kuma sanar da mu cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne, shi Allah ya fi so.

Saboda haka muna kira ga masu riƙe da ƙungiyoyin unguwa. Ku zaɓi aiki ɗaya da za ku iya gamawa, kamar gyaran famfon da ya lalace ko biyan maganin mara lafiya guda, ku gama shi mutane su gani. Ku sa zubin mako ya zama abin da mai tallar ruwa da ɗan kabu-kabu za su iya, domin da yayyafi kogi kan cika, kuma wanda ya zuba dalarsa ba ya barin ƙungiya ta mutu. Kada kuɗi su kwana a aljihun mutum ɗaya, ko da liman ne. Ku karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a kowane wata, tare da rufa asirin wanda aka taimaka wa. Idan ɗan siyasa ya kawo gudummawa, a rubuta ta kamar ta kowa, kada a miƙa masa igiya.

Ku kuma masu hali, ƴan kasuwar Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai, buhunan da kuke rabawa a wannan wata Allah ya karɓa. Amma maraya yana cin abinci a Shawwal, kuma yunwar manomi ta fi tsanani a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba. Ku nemi ƙungiyar da ke buɗe littafinta, ku yanka mata wani abu kowane wata.

Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya jiƙan magabatanmu da suka yi wa garuruwansu hidima, ya sa mu cikin masu riƙon amana. Amin.