Wanke hoton kyamarar dijital a gida: abin da mai sayen firinta a Dutse ya kamata ya sani

Har yanzu "wanke hoto" ake cewa a Dutse, ko da yake ruwan magani ya daɗe da fita daga cikin sana'ar.

Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, aka mai da Dutse babban birninta, fim ɗin Kodak ko Fuji mai ɗaukar hoto 36 shi ne a hannun masu hoto. Sau da yawa sai an kai shi Kano a wanke, mai biki ya yi kwanaki yana jira.

Kyamarar dijital, wadda injiniyan Kodak Steven Sasson ya ƙera ta farko a 1975, ta kawar da wannan jira. Shi kansa kamfanin na Kodak ya nemi kariya daga fatara a 2012.

A yau ana iya fitar da hoton suna ko na hawan sallar Sarkin Dutse a kan takarda daga ƙaramar firinta a cikin ɗaki. Sai dai firintar da ta dace da London ba lalle ne ta jure wa ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu a Kiyawa ko Jahun ba.

Iri biyu ne

Ta farko ita ce mai fesa tawada, irin ta Epson da Canon da HP, wadda ke fesa ɗige-ɗige ƙanana ta wasu kafofi da ido ba ya gani. Tana iya buga babban hoto, kuma mai tankin tawada, kamar Epson L805 mai launi shida, ta fi sauƙin kuɗi ga mai buga hotuna da yawa.

Matsalarta ita ce zama. Idan ta yi makonni ba ta yi aiki ba, tawadar kan bushe ta toshe kafofin, kuma busasshiyar iskar hunturu tana gaggauta hakan. Sai hoto ya fito da zane-zane a fuskar mutum. Wanke kan firintar kuwa da tawadar ake yi, har wani lokaci abin da ya tafi a wanki ya fi wanda ya hau takarda.

Ta biyu tana aiki ne da zafi, kamar Canon Selphy. Tana da siririyar leda mai launi a naɗe, kuma takardar kan shiga ta fita sau huɗu: rawaya, sai ja-ja, sai shuɗi, sannan wani rufi da ke kare hoton daga danshi da shatin yatsa.

Babu abin da zai bushe a cikinta, saboda haka ita ta fi dacewa da gidan da ba ya buga hoto sai sallah ko biki. Takarda da leda tare ake sayar da su, alal misali ƙunshi mai takarda 108, don haka mutum ya san kuɗin kowane hoto tun kafin ya fara.

Amma ba ta wuce girman kati, wato santimita 10 da 15, kuma ba ta shiri da ƙura. Ƙwayar ƙura guda a kan takarda kan bar farin tabo. Idan kuma wutar KEDCO ta ɗauke ana tsakiyar bugu, takardar da rabonta na leda sun tafi ke nan. Wasu samfuran na ɗaukar batir, abin da ya sa masu hoton nan-take a wuraren biki ke son su.

Daga kyamara zuwa takarda

Ba dole sai da kwamfuta ba. Tun 2003 kamfanonin kyamara suka fito da tsarin PictBridge, wanda ke bai wa kyamara damar aika hoto kai tsaye zuwa firinta ta igiyar USB, ko da ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba. Ana kuma iya zare katin ajiya a saka a firintar da ke da ramin sa, ko a tura ta Wi-Fi.

Yawan megafiksel, wanda masu shago kan yi ta kururutawa, ba shi ne abin damuwa ba. Hoto mai girman kati na buƙatar ɗigo 1,200 da 1,800, wato megafiksel biyu da 'yan kai. Cika takardar A4 kuwa na buƙatar kusan tara.

Inda aka fi yin asara shi ne hoton da aka turo ta WhatsApp, domin manhajar na matse shi. A waya yana da kyau, a takarda sai ya fito dishi-dishi. Gara a ɗauko na asali daga kyamara, ko a turo shi a matsayin fayil.

Akwai kuma batun yanka. Ƙananan kyamarori da yawancin wayoyi na ɗaukar hoto ne a ma'aunin huɗu da uku, takardar kati kuwa uku da biyu ce. Idan aka ce firinta ta cika takarda, sai ta datse sama da ƙasa, kuma a hoton taro hular na baya ko goggoron amarya ne kan tafi. Duba hoton a allo kafin a danna yana hana wannan.

Hoton fasfo da ajiya

Hukumar shige da fice da hukumar NIMC da kansu suke ɗaukar hoton mai neman fasfo ko lambar NIN. Duk da haka ƙaramin hoton fasfo bai fita daga fom ɗin makaranta da na neman aiki ba, musamman lokacin rajistar ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011. Ana iya jera da dama a takarda guda a yanka, amma a fara tambayar girma da launin bango da ake so.

Hoton tawada da aka rataye inda rana ke dukansa kan koɗe, musamman idan tawadar da aka ɗura ba ta asali ba ce ko takardar ta ofis ce. Cikin albam, nesa da rana da danshin damina, ya fi daɗewa.

Katin ajiya ma yakan lalace, waya takan ɓace. Shi ya sa masu sana'ar ke kwafe hotuna a wuri na biyu kafin su goge kati, sannan su lulluɓe firinta da ƙyalle da zarar an gama aiki.