Zare: lokacin da muka ce Ice Prince ya sayar da rap

1/ Jiya ƙanin wani abokina ɗan Kusada ya turo min waƙarsa ta WhatsApp. Yaron ya iya rap da Hausa, ba wasa. Sai ya ce: "Yaya, mai situdiyo ya ce in rage baiti in sa amshi mai daɗi, wai shi ke tafiya a TikTok. Abokaina kuma sun ce in na yi haka na zama ɗan nanaye. Ya zan yi?" Dariya na yi, don wannan rigimar mun yi ta da yayansa tun 2011. Ku gyara zama 🧵

2/ A lokacin ina sakandare a Kankia, bayan an tashi ina taya wani yayana zama a shagon cajin waya da tura waƙa, a bakin titin Kano zuwa Katsina. Ba Audiomack, ba Spotify. Ka kawo memori, a zuba maka, ka je ka raba wa jama'a ta bulutut. Duk waƙar da ta ci gari mu ke fara sani.

3/ Mawaƙin da ya haɗa mu faɗa shi ne Panshak Zamani, wato Ice Prince. A Minna aka haife shi a 1986, a Jos ya tashi, tare da M.I da ƙaninsa Jesse Jagz. Ya ci gasar Hennessy Artistry a 2009, ya shiga Chocolate City, kamfanin su Audu Maikori, wanda a lokacin shi ne babban gidan rap a Najeriya.

4/ Mu nan mun ɗauki 'yan Jos a matsayin namu, kuma da dalili. Masu rap da Hausa a Kano ba su da kamfanin da zai tsaya musu, ga hukuma a wuya: a 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11, har da "Girgiza Kai" ta Ziriums. To ga wasu daga Arewa suna jin Hausa, kuma Legas na sauraronsu.

5/ Sai "Oleku" ta fito a 2010. Jesse Jagz ya yi kiɗan, Brymo ya yi amshi, Ice Prince ya yi baitoci. Wallahi a shagonmu har masu kabu-kabu da ba su san kalma ɗaya ta Yarbanci ba sai su ce "a sa min ta Bayaraben nan." A bikin Headies na 2011 ita ta zama waƙar shekara.

6/ A Oktoban 2011 kundinsa na farko ya fito, Everybody Loves Ice Prince. A shekarar ya rasa mahaifiyarsa, kuma sunan ya samo asali ne daga irin ƙaunar da jama'a suka nuna masa a wannan rashi. Mu dai muna jiran ruwan baiti. Sai muka ji "Superstar", "Juju", kiɗan rawa, rera waƙa da muryar da na'ura ta gyara, ga baƙi irin su Wizkid.

7/ Masu sharhin waƙa suka rabu. Wasu sun yabi kiɗan, sun ce kundin na da daɗin ji. Amma ƙorafin da ya fi yawo shi ne: mutumin da ya fito daga gida ɗaya da M.I ya fi rera waƙa fiye da rap, baitocin ba nauyi, kuma an shirya kundin ne don rediyo da gidajen rawa. Lokacin fa ma'aunin 'yan gani-kashe-nin rap shi ne Mode 9, mai lashe kyautar gwanin baiti a Headies shekara bayan shekara.

8/ Abokina ɗan Kusada yana cikin waɗannan. Ya hau mashin ya zo Kankia musamman, ya ce in goge masa kundin daga memori, wai Ice Prince ya sayar da rap don kuɗi. Ni ma na goya masa baya, kar in yi muku ƙarya. Amma da daddare "Superstar" nake ji da abin kunne, a ɓoye 😂

9/ Ba a Najeriya kaɗai ake wannan ba. A Maris na shekarar, Wiz Khalifa a Amurka ya saki Rolling Papers, kundinsa na farko da Atlantic Records. Waɗanda suka so shi tun Kush & Orange Juice, wanda ya raba kyauta a 2010, suka ce kamfani ya wanke shi ya goge. "Black and Yellow" ma Stargate ne suka yi kiɗanta, masu yi wa Rihanna waƙoƙi. Nicki Minaj ta sha irin wannan suka kan Pink Friday a 2010.

10/ Abin dariyar: kundin da aka ce ba rap ba ne, shi ya ci kyautar kundin rap mafi kyau a Headies na 2012. A shekarar ya saki "Aboki", ya ɗauki kalmar da ake jifan ɗan Arewa da ita a Kudu ya mayar da ita abin alfahari. A 2013 ya ci kyautar BET ta mawaƙin Afirka.

11/ Bayan shekaru na sake sauraron kundin daga farko har ƙarshe. Masu sharhi sun yi gaskiya a abu ɗaya: akwai waƙoƙin cike gurbi, kana ji ka san an zauna an ce a yi ta 'yan mata ɗaya, ta rawa ɗaya, kowace kasuwa a ba ta nata. Shi ya sa yau kaɗan ake tunawa daga ciki.

12/ Amma inda muka ɓata shi ne da muka ɗauka amshi kansa laifi ne. Wannan ma'aunin aro muka yi daga New York. Ku tuna Mamman Shata, ɗan Musawa nan kusa da mu, wanda har kansila ya taɓa yi a ƙaramar hukumar Kankia. Shi ke zuba magana, 'yan amshi na maimaita layi ɗaya, kalangu na tafiya. Layin nan da ake maimaitawa shi ke kai waƙar bakin mai shayi da direba. Ba wanda ya taɓa cewa Shata ya rage hikima don yana da 'yan amshi.

13/ "Oleku" ma haka take. Cire Brymo, ba za ta iso Kankia ba. Cire baitocin Ice Prince, ta zama waƙar Brymo. Matsalar tana farawa ne in amshin ya zo don rufe baitin da ba komai a ciki.

14/ Batun kamfani kuma: Chocolate City ta wancan lokacin kamfanin gida ne, sai a 2019 ta ƙulla yarjejeniya da Warner Music. Wato matsin da aka yi wa Ice Prince ba daga Turawa ya zo ba, daga rediyon Legas ne da 'yan kasuwar Alaba masu buga faifai. Yau TikTok ya gaje su, kuma shi daƙiƙa goma sha biyar kawai yake buƙata.

15/ Na ce wa yaron ya sa amshin, amma kar ya bari a taɓa baiti na biyu, inda yake maganar tsadar taki da babansa, don nan ne waƙar take. Na kuma ce duk takardar da mai situdiyo ya ba shi, kar ya sa hannu sai wani babba ya karanta masa, ya san wa ke da waƙar bayan an sake ta.

16/ Yayan nasa ya kira ni da safen nan, wai ina lalata masa ƙane. Na tuna masa cewa ranar bikinsa a Kusada, da mai kiɗa ya sa "Oleku", shi ya fara miƙewa. Ya ce ai wannan daban, ya kashe waya.