Asalin Alkaki da Ɗinkin Sallah a Sofoline

Idan azumi ya haura kwana ashirin, duk wanda ya bi ta Sofoline, can yammacin Kumasi inda hanyar Sunyani ta fita, hancinsa zai shaƙi ƙamshin mai a wuta, kunnensa kuma zai ji ƙarar keken ɗinki har tsakar dare. Yaran unguwa sun buɗi ido sun tarar da abin a haka, shi ya sa ba sa tambaya. To, ga yadda aka yi waɗannan abubuwa suka zo.

Mu fara da alkaki, don shi ne babba a farantin Sallah. Sunansa daga Larabci ya fito, daga ka'ak, wanda har yau Misrawa suke yi a ƙaramar Sallah. Ita ma alkamar da ake yin sa da ita sunanta daga Larabci ne, haka gireba. Alkama kuwa ba ta yi a kurmin Asante, ruwa ya yi mata yawa. Sanyin hunturu take so, a fadamun Kano da Sakkwato, inda ake yi mata ban ruwa. Saboda tsadarta, a da ba a cika ganin alkaki ba sai a gidan sarauta, ko na attajiri, ko cikin garar amarya.

Goro ne ya kawo shi nan. Fataken ƙasar Hausa sukan taso ayari guda, madugu a gaba, jakuna ɗauke da turkudi da baƙaƙen rawuna da jemammun fatu da kanwa. Su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi, bayan watanni su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. A can suke haɗuwa da goron Asante, don sarakunan Kumasi sun fi son ciniki ya tsaya a kasuwannin arewa, ko da yake akwai malamai Musulmi a fadarsu tun tuni. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, mutanenta suka bazu. A 1896 Ingilishi suka shiga Kumasi suka kama Sarki Prempeh na ɗaya, hanya ta buɗe, baƙi suka yi ta kwarara, Zango ya kafu. Mazan suka zo da jari da allo, matan suka zo da abin da suka iya a madafa. Shi ya sa har yau Ghana duka take cin wace, wato shinkafa da wake, take shan koko da ƙosai, take kiran tuwon zafi da sunansa na Hausa.

Na ga yadda kakata take yin alkaki, ba kuma na manta shi. Tsakin alkama take samu, ta murje shi da ɗan mai har ya yi washar-washar, ta zuba ruwan tsami, ta rufe ƙwarya ya kwana. Da asuba ta tsiyaya ruwan kanwa kaɗan, ta yi ta bugu. Sai ta gutsuro, ta murza a bayan faifai ya yi tsawo kamar igiya, ta naɗe shi a yatsu biyu, ta tsoma a mai. Wuta ba ta yi mata yawa, don alkakin da aka yi wa gaggawa waje ya soyu ciki ɗanye. Da zafinsa take jefa shi cikin zuma. In ƙanwar babana ta ce, "Mma, ai yis ya fi sauri," sai ta ce, "Ke dai miƙo mini kanwar nan."

Sauran kayan farantin ta teku suka zo. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928, buhunan fulawa da sukari da gwangwanayen bota suka cika kantuna. Abin da yake na masu hali ya sauko hannun kowa. Daga nan cincin ya samu shiga, wanda mutanen Ghana suke kira acomo, dubulan kuma ya yi araha. Mitfai na Ingilishi ne, su ne masu naɗe nama a cikin kwaɓin fulawa su gasa, amma matan Zango sun mai da shi nasu: naman halal, albasa, attarugu, ɗan yaji. Wadda ba ta da tandar gashi sai ta zuba yashi a gindin babbar tukunya, ta ɗora a kurfoti, ta jera su a faranti a ciki, ta zuba garwashi a kan murfi. A ganina wannan ya fi na kanti nesa, ko don ƙamshin gawayin nan.

Shi ma ɗinki hanya biyu ya biyo. Na asali sana'ar maza ce, da allura da zare. Malami yakan zauna a zaure ya shimfiɗa saƙi a cinya, yana fitar da aska biyu ko aska takwas a gaban riga, riga ɗaya ta ci watanni. Wanda ya samu irinta, ita ce ta Sallar bana da ta baɗi, wata ma har ɗansa ya gada. Keken ɗinki kuwa wani Ba'amurke, Isaac Singer, ya yi rajistar nasa a 1851, kamfanonin Turawa suka kawo shi gaɓar teku, daga baya Butterfly ta ƙasar Sin ta zo da sauƙin kuɗi. Da aka fara buga atamfa a cikin ƙasa, a Tema da Akosombo, bayan samun 'yancin kai a 1957, sai ɗinkin mata ya zama sana'a mai zaman kanta. Yarinya takan yi wajen shekara uku a shagon uwar ɗakinta, ta fara da ɗinka maɓalli da guga, kafin a yaye ta a ba ta keke.

Daren jajibiri ake sanin tela. Kaya jibge, uwaye tsaye a ƙofa da yara masu gyangyaɗi, kowa na cewa nasa aka fara kawowa. In aka ɗauke wuta, mai keken lantarki ya zauna jugum, mai tsohon keken ƙafa ya kunna fitila ya ci gaba da taka abinsa. Ƙyallayen da suka zube ma ba a zubarwa, da su ake yi wa ƙananan yara huluna da 'yar jakar barka da Sallah.

A zamanin Shugaba Rawlings ne gwamnati ta mai da ranakun Sallah biyu hutu na ƙasa baki ɗaya, don haka yanzu maƙwabta Asantawa suna gida in an sauko daga Idi. Sai ka ga yarinya cikin sabuwar atamfa, ɗinkin ko alli bai gama fita ba, da faranti a ka an rufe da farin ƙyalle, tana ƙwanƙwasa ƙofarsu. Idan Kirsimeti ta zo, farantin nan yakan dawo da shinkafa da kaza, wadda suka roƙi malamin unguwa ya yanka musu.