Zaki a Kan Kuɗin Sarakunan Da

'Yan makaranta, ku sani sarakunan da sun so zaki ƙwarai, har suka riƙa buga surarsa a kan kuɗi, don duk wanda ya karɓa ya tuna da ƙarfin mai ƙasar. To, amma sura ita kaɗai ta isa?

Ku dubi Sarkin Saljuƙawa, Kaikusrau na Biyu, wanda ya yi mulki a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu. Wajen shekarar 1240 ya sa aka buga dirhamin azurfa, ga zaki, ga rana bisansa. Cikin 1243 Mongolawa suka ci shi da yaƙi, zakin bai tare masa ko mashi guda ba.

Baibaras kuwa, bawa ne da ya sarauci Masar daga 1260 zuwa 1277. Shi ma zaki ne tambarinsa a kan kuɗi, amma ana tsoron nasa, domin yana cikin jarumawan da suka karya Mongolawa a Ainu Jaluta.

A Ingila, cikin 1344, Sarki Edward na Uku ya fitar da kuɗin zinariya mai zakin gidan sarautarsu, wanda su ke kira damisa. Sai ya yanka masa daraja fiye da zinariyar da ke cikinsa. Fatake suka ƙi karɓa, shekara ba ta ƙare ba aka janye shi.

Kun ji fa. Sarki ya iya buga sarkin dawa a kan ƙarfe, amma a kasuwa ma'auni a ke tambaya, a fagen fama kuwa mazaje. Kama da wane ba ta wane.